Wayar da Muke Bari a Buɗe

Yaya Bernadette,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya mijinki Alphonsus da kwalekwalensa? 'Yata Loretta ce ke rubuta mini.

Ni lafiyata lau a nan birnin Calgary, ɗakina da ɗumi, sai dai ba teku kamar can gida. Kada ki damu, barci ne kawai ya ɗan guje ni.

Yaya, masu shirya gasar kartar birij da muke bugawa ta kwamfuta ranar Alhamis sun kira. Wai ni da ke muna maguɗi, muna gaya wa juna abin da ke hannunmu ta waya. Ƙila su kore mu. Ni da ban iya rubuta sunana ba, me zan ce musu?

Loretta ta ce, "Mama, ke ma da neman rigima! Wa ke barin waya a buɗe ana gasa?" Na ce ai ko uffan ba ma cewa. Ajiye ta nake kusa da kunnena, in ji butar shayinki na tafasa, in ji kukan tsuntsayen teku ta tagarki. Sai in ga kamar muna teburin mahaifiyarmu, hazon teku ya rufe taga, kina raba karta.

In sun tambaye ki, faɗi gaskiya. In sun bar mu, zan kashe wayar kamar kowa. Amma ke dai ki buɗe tagarki ranar Alhamis. Zan san a buɗe take.

Allah ya bar mini ke.

Ƙanwarki,
Philomena