Mai Tari Ta Yi Shiru

Mombo, 3 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya jiki, yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a kwance bandejin nan a kan alheri. Yaya Mboza, na san ke ce mai karanta masa. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, ya zafin Tanga? Ki karanta abin da na rubuta kawai, ban da ƙarin gishirin da kika saba.

Gida lafiya. Inna tana nan da gwiwarta, jar saniya ta haifi mace. Ayaba da dankalin da ke tare da takardar nan Inna ce ta ba kwandasta.

Kada ka damu da jin Mombo a saman takarda. Na sauko da Mai Tari garejin Mntambo ne, ana ɗan duba ta. Ka san yadda ka bar akori-kurar nan. Tun tafiyarka sau huɗu ina isa matattarar madara bayan ƙarfe goma, an rufe awo. Ranar Talata ta mutu mini a tsakiyar hawan Kwemlazi, garwa goma sha biyu a bayanta, rana tana dukansu. Da na isa, mai awo ya buɗe ɗaya ya kau da kai ya ce, "Singano, wannan ko maraƙi ka ba sai ya riƙe ka a zuci." Na zubar da ita a kwata da hannuna. Na gaji, Baba. Na gaji da turi, na gaji da zuwa aiki hannu baƙi ƙirin tun kafin in karya.

Kafin in sauko na bi matan da ke ba mu madara gida-gida na ce musu hutun mako guda ne. Ka san halinsu, shekara ashirin da shida ba wadda ta taɓa tambayar ƙarfe nawa za ka zo. Da motar ta fara tari a gindin gada kwarin duka ya amsa, kowacce ta ɗora jarkarta a ka, kafin ka gama hawa suna bakin titi. Bibi Mahija, wadda ka ce da madararta ka fara sana'ar nan, ta ce, "Je ka, ɗan nan, mu ba agogo gare mu ba. Ranar da muka ji ta za mu sauko."

Ka kwantar da hankalinka. Gida talatin da ukun da ka bar mini, talatin da uku za ka tarar.

Ɗanka,
Singano

Mkuzi, 26 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara kyau. Yaya Mboza, sannu da ɗawainiya. Wannan karon ki karanta masa duka, ko ya ce ki tsaya kada ki tsaya.

Sau uku muna waya ina cewa komai lafiya. Bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na koma takarda. Ba duba Mai Tari aka yi ba, Baba. Injinta na sa aka cire.

Mntambo ya samo injin wata ƙatuwar mota ta zamani da ta faɗi, jikin ya tashi daga aiki amma injin ko ƙwarzane babu. Ya ninka namu girma. Na sayar da itatuwan katakon da na shuka a bayan gida, na bar masa tsohon injin a kai. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwana biyar, mutumina. Ranar da ka hau Kwemlazi da wannan, sai ka waiwaya ka tabbatar garewanin suna biye da kai."

Kwana ashirin da ɗaya na yi a garejin. Ƙafafun injin ba su zo daidai ba, aka yanka aka yi walda, aka sake yankewa. Fanka ta tokari lagireto, aka matsar da shi gaba. Farfela ta yi tsawo, aka kai ta Korogwe aka rage, ta dawo ta yi gajarta. Wayoyi kuwa damƙi guda, kuma akwai wani ɗan akwati da suke kira ƙwaƙwalwa, wanda ya ƙi yarda cewa yanzu a cikin tsohuwa yake zaune. Da aka gama duka, bonet ya ƙi rufuwa, sai da suka buga masa doro da guduma. Duk safiya Mntambo zai ce, "Yau dai yau ce," duk yamma ya ce, "Kai ma ka cika gaggawa, haihuwa ake yi a nan." Na rame a wurin, abincin Mombo ma ya fita raina.

Gaskiya tana gudu. Murɗa makulli ɗaya take tashi, ba tari, ba hayaƙi, sai wani ɗan huci kamar na mage. Hawan da kake yi a minti arba'in na cinye shi a goma sha biyu. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ba kowa a bakin titi. Ranar farko na ce ba su ji ba ne, na danna oda tun daga gada har sama. Rana ta biyu gida huɗu suka ba ni, na bakin hanya, su ma fuska ba walwala. Yau kwana uku ke nan. Na ga masu babura suna saukowa da jarkoki a ɗaure, na gane ta Bibi Mahija da jan zaren da ke wuyanta. Na ji haushi ƙwarai. Na yi musu sallama da mutunci, don na ƙara mako biyu sai su juya mana baya? Ban je ƙofar kowa ba, ba zan yi roƙo ba.

Ka yafe mini rashin shawara. Na san ko idonka a rufe yake, da na tayar da ita a tasha za ka gane, gara ka ji daga gare ni.

Ɗanka,
Singano

Mkuzi, 9 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu. Yaya Mboza ta gaya mini an kwance bandeji, kana ganin haske da inuwar mutum, amma likita ya ce tuƙi ya ƙare. Ta kuma ce da ta gama karanta takardata sai ka juya fuskarka bango. Da ma zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ba zan je ƙofar kowa ba. Inna ce ta kore ni, ta ce ba zan ci tuwonta ba sai na je. Na hau wurin Bibi Mahija da ƙafa. Ta bar ni a tsaye har ta gama tatsa, sannan ta ce, "A'a, mai jirgin sama ne? Sauka ka yi?" Na ce na zo jin laifina ne. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Kwana uku muna jin motar ubanka tana tari a gada. Mu sauko da madara, mu zauna a bakin titi har rana ta take, ba mota ba labarinta. Mu kwashi tsami mu hau da shi. Ni da gwiwar nan, sau uku! Wasa kake da mu?"

Na rantse mata a kwanakin nan ina Mombo, motar ma a buɗe take ba inji. Muna cikin haka, Baba, sai na ji shi. Tari uku, shiru, sannan wannan dogon gurnanin. Na bar tsohuwa a nan na gangara da gudu.

Ka san Hiza mai injin niƙa na gindin gada, wanda nasa ya mutu tun bara? Shi Mntambo ya sayar wa injinka, tun makon farko. Yana nan a rumfa an ɗaure shi a kan kututture, an ja masa bel, yana niƙa masara. Duk kwarin Usambara ba inda ya tashi zama sai daidai inda matan nan suka saba jin sa. Hiza ya ga na tsaya baki buɗe ya ce, "Ka zo gaida tsohon ne? Shigo, ba ya cizo, tari kawai yake." Na zauna a kan buhu. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba.

Ba su juya mana baya ba. Sun cika alkawari, sun ji ta sun sauko. Ni ne ban zo ba.

Na sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu ina hawa ina sauka, ina ba da haƙuri. Na ce zan riƙa danna oda. Suka ce oda kowane mai babur yana da ita, su ba za su bar saniya rabin tatsa don oda ba. Sai muka shirya da Hiza: bakwai da rabi a tayar da injin niƙa, ni kuma in bar gada in hau a giya ta biyu, a hankali, yadda kake yi. Injin da zai iya jan babbar mota, ina riƙe shi kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Gida goma sha tara sun dawo. Bibi Mahija ta ce tana kallo tukuna, in ta ji tari sau bakwai ta ga mota sau bakwai, sai mu yi magana. Sauran suna jiran su ga abin da za ta yi.

An yi kwana biyar lafiya. Amma sanyi ya shigo sosai, kuma ka san shi da sanyi. Hiza ba ya iya tayar da shi da safe, ya ce, "Naku ne, ku kuka san yarensa." Yanzu ni ke zuwa. Injin da na rabu da shi don na gaji da tayar da shi, ni nake tayar da shi kullum a rumfar wani, hannu baƙi ƙirin, motar da sabon injinta tana waje a kashe tana jira. Jiya ya ƙi sam sai ƙarfe tara. Ba wadda ta sauko, kuma Bibi ta aiko cewa lissafi ya koma farko.

Baba, na tuna ranakun sanyi kana fitowa da butar shayin Inna, ka zuba ruwan zafi a wani wuri, ka taɓa wani abu, ya tashi. Na zuba ta ko'ina bai yi ba. Shekara tara ina zaune a gefenka, ina cikin mota na dunƙule a rigar sanyi ina jira ka gama, ban taɓa fitowa na kalla ba.

Ko ba za ka yi mini magana ba, ka gaya wa Yaya Mboza ta rubuto. A ina kake zuba ruwan?

Inna tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ɗanka,
Singano