Abin da Yaya Munji Ya Binne

Zuwa ga Yaya Munji, a Safakis.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan tarin nan ya sake ka. Muna lafiya, ƙumba ce ba lafiya.

Ka san fegin da Ummi ta bar mini, inda nake haƙar ƙumba, 'yar halittar nan mai ɓawo biyu da ake ci, idan teku ta ja baya. Tun bara abin ya soma, bana ya ƙazanta. Ƙumba ta daina nutsewa cikin yashi, sai ka same ta a sarari baki buɗe, tana wari. Yanzu ya shafi fegin maƙwabtana biyu.

Hajja Mabruka, shugabarmu ta mata masu haƙa, ta ce ni ce. Wai ina kwashe ƙanana, waɗanda ke wucewa ta zoben awo, shi ya sa wurin ya mutu. A gaban kowa ta ce, "Ke Naziha, uwarki ba ta taɓa cin 'ya'yan teku ba." Na ce, "Hajja, ga kwandona, ga zobenki, auna." Ta ce ai na yau ne kawai ta gani.

Ƙarshen wata za su zauna. In sun tabbatar, za a karɓe laujen Ummi da nake tono da shi, shi ke nan na bar haƙa. Ka rubuta mata. Har gobe tana cewa ba a yi mai tsabta da gaskiya irin Munji mai shayi ba.

Ƙanwarka, Naziha.

*

Zuwa ga ƙanwata Naziha.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki. Tari da sauƙi.

Sha'anin teku sai Allah. Ban ga amfanin jayayya da Hajja ba, babba ce. Shin ta wane ɓangare abin ya fi tsanani? Ta wajen baƙin dutsen nan ne, ƙasan inda shagona yake a da? In can ne, shawarata ki koma gabas. Kada ki wahalar da kanki da haƙa mai zurfi a wurin, babu komai sai laka.

Zan duba batun rubuta mata idan aiki ya lafa.

Yayanki, Munji.

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban ambaci baƙin dutse a takardata ba, kai ka ambata. Kuma tun muna yara in ka ce kada in duba wuri, to akwai abin dubawa.

Na haƙa. Kamu ɗaya, biyu, sai ga guntayen sigari, dubbai, a cushe kamar dabino a buhu. Ruwan da ya taru a ramin rawaya ne, warinsa har maƙogwaro. Akwai wata malama daga jami'a da ke zuwa ɗibar ruwa a kwalabe, na nuna mata. Ta ce audugar gindin sigari ba auduga ba ce, roba ce, ba ta ruɓewa. Dafin da ta tsotsa kuma a hankali take sakinsa, ƙumba tana sha. Ta ce, "Wa ya zuba wannan?" Na ce teku ce ta kawo. Ta dube ni, ta ci gaba da cika kwalabenta.

Teku ba ta kawo fasassun kofunan shayi masu bakin zinariya irin waɗanda na tarar a ramin, Yaya. Ni na saya maka su ranar da ka buɗe shago.

Ban gaya wa Hajja ba. Saura kwana tara. Kai za ka faɗa ko ni?

Naziha.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na karanta sau uku.

Shekara goma sha ɗaya ina share shagon nan kowace safiya. Wasu a teku suke watsa shararsu, ni ban taɓa ba, binne tawa nake yi. Yadda Baba yake yi na bi: in ya gama shan taba sai ya tura guntun cikin jiƙaƙƙen yashi da babban yatsa, ya ce yashi na cinye komai. Na ɗauka taba ganye ce, ganye kuma ƙasa yake komawa. Wallahi tsabta nake nufi.

Amma ki duba matsayina. Ba ni da gida a garinmu, ba ni da jirgi. Sunan nan kaɗai na bari, shi nake dawowa in taras duk sallah. Ki ba ni lokaci in san yadda zan faɗa. Wataƙila ma zaman nasu ba zai kai ga karɓar lauje ba, mata ne, za su huce.

Ina jin kunya ƙwarai, in wannan zai yi miki wani amfani.

Yayanki, Munji.

*

Yaya,

Gaisuwa. An zauna jiya. Na jira takardarka har Hajja ta miƙo hannu, sannan na ba ta laujen. Ban faɗi sunanka ba. Ta ma tambaye ni lafiyarka.

An hana ni haƙar ƙumba, ba a hana ni haƙar shara ba, kuma wannan da hannu ma ana yi. Direban motar Safakis zai ba ka buhun guntayen sigarin tare da takardar nan. Ba su ruɓe ba, za ka gane su.

Malamar ta ce wurin zai iya farfaɗowa in an kwashe duka. A kiyasina buhu arba'in ne. Wannan na farko ne, ka nemi inda za ka ajiye sauran.

Ka huta lafiya.

Naziha.