Maganin Nusaiba ya sha rana

Yaya Safiya,

Yau Laraba, tun hantsi zafi ya hana kowa sakat, wutar lantarki kuma shiru.

Kin san gwangwanin allurar sugan Nusaiba da muke binnewa cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don ya yi sanyi. Bayan fitarki Gwaggo Asabe ta ga lema, ta ɗauka randar ce ke yoyo. Ta kwashe yashin da gwangwanin ta zube a tsakar gida wai ya bushe. Sai bayan azahar na gani. Gwangwanin ko taɓuwa ba ya yi, maganin ya yi gudaji.

Na yi magana, ta ce, "Kai ɗan nan, yashi ma sai na nemi izininka?" Sau nawa na ce a yi mata bayani?

Kada ki yi wa Nusaiba allura da shi, ko Gwaggo ta ce ba komai. Na ari babur na tafi Gusau nemo wani kafin allurar magariba.

Kwalba biyu sun lalace, har da wadda ba a buɗe ba. Babu ta uku.

Mudassir