Ki Maido Keken Ɗinki Falo

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta shekara ashirin da biyu, sarauniyar almakashi da zare, wadda yau kwana huɗu ba ta ce da ni komai ba sai "abinci na kan tebur",

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Na sa takardar nan a gwangwanin maɓallai, domin na san duk inda fushi ya kai, sai kin nemi maɓalli.

Ya ruwan farkon damina, falon nan ya zama kufai! Inda keken ɗinkinki yake tsayawa gefen taga, ƙafafunsa sun bar rami huɗu a kan kafet, ni kuma in zauna ina dubansu kamar mai binciken tsohon birni. Talabijin na kunne, ƙwallon tanis na kai da komo, wuyana na binta hagu da dama, amma wa zai ce min, "Malam, rage murya, ba za su ji ka ba"? Wa zai sa ƙarar keke daidai lokacin da alƙalin wasa ke faɗin maki? Ashe ƙarar nan da nake ƙorafi a kai ita ce kiɗan rayuwata!

Kin tuna ranar da aka buɗe gasar nan? Na baje takarduna a kan tebur: wa ya doke wa bara, wa ya fi zafin bugun farko, wa ke gajiya in wasa ya yi tsawo. Mako biyu na yi ina haɗa su. Na ce zakaran bara zai wuce ko gumi bai yi ba. Kika ɗago kai, allura a baki, kika dube shi daƙiƙa uku, kika ce, "Wannan ba inda za shi. Dubi rigarsa, ta zame ta dama. Kafaɗar ta sauka, ciwo yake ɓoyewa." Na yi miki dariya irin ta mai digiri. Kafin ki gama kalmasa bakin siket ɗin da ke hannunki, an kira masa likita, ya rataya jakarsa ya fita.

Ya tauraruwata, tun kafin in san ki kike auna mutane da ido kafin ki ɗauko tef. Ke kika ga wanda wandonsa ya yi masa yawa don ya rame, da wanda ke taka ƙafar hagu da tsoro. Wasa goma sha ɗaya kika faɗa, goma suka fito yadda kika ce. Ɗayan da ya rage kin ce hasken talabijin ne ya ruɗe ki, kuma na yarda.

To ga abin da ba ki sani ba, ko kuwa kin sani kin bar ni. Kowace safiya sai in ɗauki maganarki in kai ɗakin malamai, in cire tabarau, in yi gyaran murya, in ce, "Bisa nazarina." Suka sa min suna Mai Hange. Malamin lissafi, wanda shekara tara bai taɓa yarda da ni ko a kan ƙarfe nawa ba, ya fara ja min kujera.

Shi ne ya zo gidan nan kallo ranar Talata, ya gan ki a kan keke ya ce, "Madam ma tana taɓa tanis ɗin?" Ni kuma, ni da na karanta faɗuwar dauloli na koyar da ita, na buɗe baki na ce, "Ina! Ita dai riguna take kallo." Muka ƙyalƙyale. Kika ajiye mana shayi, kika ce, "A sha lafiya," kika ja kekenki zuwa ɗakin baya. Abin da ya fi ƙona ni, ban ma yi ƙarya ba. Rigunan kike kallo, kuma da su kike ciyar da sunana.

Ranar Alhamis aka yi wasanni biyu na kusa da ƙarshe. Na matso gaban talabijin har hancina ya kusa taɓa gilashi, na ƙura wa riguna ido. Me na gani? Riguna! Ɗaya fara, ɗaya ta fi ta fari. Na yi hasashe biyu, duka biyun suka faɗi warwas. A wasan nan, wanda bai ci komai ba, alƙali yakan kira makinsa da kalmar da Turawa ke kiran soyayya. Da ina ganin shirme ne. Yanzu na gane: ga ni nan cike da soyayya, kuma ba ni da ko ɗaya.

Jiya na miƙe a ɗakin malamai na faɗi gaskiya duka, har da kafaɗa, har da wando. Malamin lissafi ya janye kujerarsa. Shugaban makaranta ya dube ni ya ce, "To a gaida mana Madam, a tambaye ta gobe wa zai ɗauki kofi." Ni ko kallo na biyu ban samu ba, kuma daidai ne.

Gobe da la'asar Dogo zai kara da Bahago a wasan ƙarshe. Ba sunan wanda zai ci na zo roƙo ba, ya zumar bakina, wallahi ba suna ba. Ki bar shi a ranki. Ki dai maido keken falo, ki taka shi da ƙarfi yadda kika saba, in na yi ihu ki harare ni. Zan ɗauko miki shi da kaina, duk da ciwon bayana. In baƙo ya sake tambaya, zan miƙe tsaye in nuna ki da hannu biyu.

A rayuwata zaɓi ɗaya na yi da bai taɓa ba ni kunya ba, ke ce. Tunda kuma makon faɗin gaskiya ne: shi ma Yaya Babba ce ta gan ki a shagon ɗinki ta ce min, "Waccan." Na je na ce da mahaifinki na yi nazari.

Naki a gasar bana da ta baɗi, da duk wadda Allah Ya ba mu rai muka gani,

Mijinki, mai jiran ƙarar keke.