Ko Yana Sha

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi, ya raba ki da zaryar asibiti. Mu nan Inna lafiyarta ƙalau, sai mitar nan da kika sani. Ƙaramar tamu ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Ki yi haƙuri da rubutun, na zauna na tashi ya fi a ƙirga kafin na iya fara shi.

Maganar ƙanenki ce, Autanku. Tun watan jiya yake fama da atuni, har da jini da majina. A shago sai ya yar da abin walda ya ruga bayi, ya dawo yana haɗa gumi. Da ƙyar na ja shi asibiti. Aka gwada bayan gidansa, likita ta ce wasu ƙananan halittu ne a hanji, ta rubuta masa ƙwayar falajil. Ta ce ya shanye duka ko ya ji sauƙi, don in aka yi wasa suna iya wucewa hanta su tara mugunya. Ta ce bakinsa zai yi ɗaci kamar ya tsotsi ƙarfe, wannan ba abin tsoro ba ne. Sai ta juyo ta tambaye ni ko yana sha. Ni kuwa hankalina yana kan magani, na ce ai shi komai ɗacinsa yana sha. Ta yi murmushi ta ce giya take nufi, domin ba a haɗa ta da wannan ƙwayar har sai an kwana biyu da gamawa, in ba haka ba sai amai da bugun zuciya. Na yi dariya har da rantsuwa, na ce mata ai ya bari tun kafin aurenmu. Shi bai yi dariya ba, takalminsa yake kallo. Sai yanzu nake tunawa.

Da hannuna nake ɓare masa ƙwayar in miƙa masa da ruwa, ya juya baya ya kurɓa. Amma ciwo ya ƙi tafiya, ya rame har ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Shekaranjiya ina wanki na zira hannu a aljihun rigar aikinsa, sai ga ƙwayoyin fal, wasu sun narke sun cakuɗe da ɓurɓushin ƙarfe. Ko ɗaya bai haɗiye ba, Yaya. Na tambaye shi, wai ɗacin ne. Mutumin da ke taune maganin zazzaɓi kamar gyaɗa! Ina tsaye da jiƙaƙƙiyar riga sai tambayar likita ta dawo mini. Ashe tsakanin abu biyu aka ce ya zaɓa, ya kuma zaɓa.

Raina ya ɓaci, amma tsorona ya fi yawa. Yau ya fara dafe gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ga jikinsa zafi rau. Na ce mu koma asibiti, wai aiki ya yi masa yawa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ke kika goya shi, ke kika tsaya a kansa wancan karon har ya bar giyar, maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ranar da takardar nan ta iso ki kira shi. Kada ki yi faɗa. Ki ce ya koma ya faɗa wa likita gaskiya, su ne suka san yadda ake raba mutum da abin nan ba tare da ya jigata ba. Ba tuba nake nema a gabana ba, hantarsa nake ji.

Ki gaishe mini da maigida, da takwarar Inna, da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Inna ma tana gaishe ki, ciwon kaɗai ta sani. Ɗazu ta leƙo ɗakina, cikin tausayi ta tambaye ni ko ɗanta yana sha. Na ce mata yana sha.

Taki,
Matar Auta