Ƙorafi Kan Yadda Aka Sallami Yayana Sama'ilu

Daga: Malam Muntaka Badaru,
Tsamiyar Mati, kusa da Ɗanbatta.
18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Ƙananan Asibitoci.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN GANE CIWON YAYANA A ASIBITIN GARINMU

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Yayana Sama'ilu manomi ne. Tun watan Agusta ya daina cin abinci sai an matsa masa. Yakan farka tun kafin kiran assalatu, ya zauna kamar an dasa shi, kuma safiya ta fi yi masa muni. An haifa masa jikan fari, aka miƙa masa, ko kallonsa bai yi ba. Kullum cewa yake shi ya jawo wa gidanmu wahala, alhali geronsa ya fi na kowa kyau bana.

2. Ranar 9 ga Satumba na kai shi asibitin. Jami'in da ke aiki bai tambaye mu komai ba. Ya ce damuwar tsadar rayuwa ce, kowa na fama da ita, ya rubuta maganin ƙarin jini. Ya kuma yi masa nasiha a gaban jama'a kan rashin godiyar Allah. Mutumin da shekara da shekaru shi yake jan mu salla.

3. Ranar 30 ga Satumba na koma neman takardar turawa Kano, aka hana ni.

4. Ranar 14 ga Oktoba da asuba, matarsa Fadima ta riƙo shi a bakin rijiya. Ba zan iya ƙarin bayani kan wannan ba.

5. Bayan haka muka kai shi Kano da kanmu, ba tare da takarda ba. Likitar ƙwaƙwalwa a can ta shaida mana cewa ciwon damuwa nau'i-nau'i ne, nasa kuwa mai tsanani ne, alamominsa daban, maganinsa daban, kuma lallashi ba ya magance shi. Tambayoyin da ta gane shi da su ba sa buƙatar na'ura. Yanzu yana kwance a can, ya fara shan kunu da hannunsa.

Ranka ya daɗe, ba korar kowa nake nema ba. Ina roƙon a koya wa ma'aikatanmu waɗannan alamomi, a kuma daina hana takardar turawa. Sannan a gaggauta aiko wanda zai duba maƙwabciyarmu Inna Hure, wadda ita ma take nuna irin waɗannan alamomi. Makon jiya aka sallamo ta da maganin ƙarin jini, kuma ita kaɗai take kwana a ɗakinta.

Ina mai matuƙar ladabi da biyayya,

Muntaka Badaru