Garin da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Aalen, 3 ga Maris

Silke 'yata,

Gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki Bernd. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta hannun riga muka yi tun ina sha huɗu.

Likita ya ce gwiwoyina sun gama da matakala, a watan Mayu zan koma gidan tsofaffi. Saura garin ƙananan jiragen ƙasana na wasa da ke ɗakin ƙarƙashin gida. Shekara arba'in da ɗaya ina gina shi a kan katako guda, tasha uku, gada, dutse mai rami. Babu abin da ban auna ba, har tsayin saniya. Ƙofa ce kawai ban auna ba. Ba ya fita.

A ƙungiyarmu ta masu irin wannan wasa, a da mu talatin ne, yanzu huɗu. Egon muke kira yaro, shekararsa sittin da takwas. Kowa na neman wanda zai jibga wa nasa. In an fasa bango, za ki ɗauka?

Tsohon sakaran ubanki,
Ottmar

Bremen, 12 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ɗaki biyu gare mu, ka sani. Kuma ban iya tuƙa su ba. Ina shekara bakwai na miƙa hannu ga baƙin kan jirgin nan, ka ce in je in wanke hannu. Na wanke na dawo, ka ce kallo ma ya isa. Haka duk kuka yi da 'ya'yanku, ga shi kuna cigiyar magada.

Ka huta lafiya.
Silke

Aalen, 2 ga Afrilu

Silke,

Gaisuwa. Na karanta wa Egon wasiƙarki, ya ce ɗansa ma haka ya ce, sai dai shi da zagi.

Jiya ya zo da zarto. Dutsen da na yi hunturu biyu ina gina shi, cikin minti shida ya yayyanka shi. Na hana shi taɓa ƙaramar tasha, muka yanko ta kamar faranti. Tana tafe a akwati, da baƙin kan jirgin. Ki taɓa. Ba sai kin wanke hannu ba.

Babanki

Bremen, 9 ga Afrilu

Baba,

Akwatin ya iso lafiya. Layin dogon taƙi biyu ne kacal, jirgin yana zuwa ya dawo. Na dai wanke hannun.

Silke